Nikon Z6III: Abin da mai sana'ar hoto zai auna kafin ya zuba miliyoyi

A ranar 17 ga watan Yunin 2024 kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya sanar da fitowar sabuwar kyamararsa mai suna Z6III, wadda ya sa wa farashin dala 2,500 ba tare da gilashin ɗaukar hoto ba. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, inda take kai da komo a wancan lokacin, kuɗin ya kama naira miliyan 3 da dubu 750, tun kafin a yi maganar kuɗin dako da harajin kwastam da ribar dillali. Wadda kuma kamfanin ya haɗa ta da gilashin 24-70, ya sa mata farashin dala 3,100 a lokacin.

Wannan ba kuɗin da ake kashewa don sha'awa ba ne. Masu duba irin wannan kaya a Kano ko Kaduna ko Abuja galibi mutum uku ne: ɗan kasuwar da yake so ya buɗe wa ɗansa shagon hoto, da ma'aikacin gwamnatin da ke ɗaukar bukukuwa a ƙarshen mako don cike giɓin albashi, da jami'in yaɗa labarai na wata ma'aikata da aka ce ya rubuto takardar sayen kayan aiki. Dukkansu suna fuskantar matsala guda. Takardar tallar kyamara cike take da lambobi, kuma ba kowace lamba ce ke komawa kuɗi a aljihun mai ita ba.

Ina madubin ya tafi?

Kyamarorin da aka saba gani a wuyan masu hoto shekaru da dama, wato DSLR, suna da madubi a cikinsu. Hasken da ya shigo ta gilashi yakan bugi madubin, ya hau sama zuwa 'yar tagar da mai ɗauka ke leƙawa. Da an danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, haske ya isa ga farantin da ke karɓar hoto, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Ƙarar nan ta "ƙwas" da ake ji a wurin ɗaurin aure, rabinta motsin madubin ne.

A kyamara marar madubi an cire wannan duka. Haske yana sauka kai-tsaye a kan farantin, shi kuma yana aika abin da ya gani zuwa wani ɗan ƙaramin allo da ke cikin tagar leƙen. Amfanin haka shi ne mai ɗauka yana ganin hoton yadda zai fito tun kafin ya danna, kuma kyamarar ba ta buƙatar sauya hali idan za ta koma bidiyo. Panasonic ne ya fara fitar da irinta a 2008 da Lumix G1. Sony ya kawo mai babban faranti a 2013, sannan Nikon da Canon suka biyo baya a 2018. A waccan shekarar ta 2008 ne kuma Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka nuna cewa kyamarar hoto za ta iya ɗaukar bidiyo, abin da ya sauya sana'ar ƙananan masu shirya fim a duniya. Daga nan aka samo kyamarar da ake kira mai aiki biyu: hoto da bidiyo a jiki ɗaya, ba tare da ɗayan ya zama ɗan rakiya ba. Z6III ita ce ta uku a jerin da Nikon ya fara da Z6 a 2018, ya bi da Z6II a 2020.

Sabon abin da ke cikinta guda ɗaya ne

Yawan ɗigon hoton bai canja ba. Megafiksel 24.5 ne, kamar na wadda ta gabace ta, wato hoto mai kimanin ɗigo 6,000 a kwance da 4,000 a tsaye. Wannan ya ishi kundin biki da kalanda da babban hoton bango. Abin da ya canja shi ne saurin da kyamarar ke karanta abin da ke kan farantin, kuma kusan duk sauran alfanun da ake tallatawa daga nan suka tsiro.

Faranti ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Layi-layi ake karanta shi daga sama zuwa ƙasa, kamar mai bin sahun rubutu a allo. Idan karatun yana da nawa, abin da ke motsi zai riga ya gusa kafin a kai layin ƙarshe. Shi ya sa idan aka ɗauki bidiyo daga cikin mota sai a ga turakun lantarki sun karkace, ko kuma hoton ya riƙa rawa kamar kunu a kwano idan mai ɗauka ya juya da sauri. Manyan kyamarorin Nikon, Z9 da Z8, sun magance wannan da faranti mai hawa-hawa, wanda aka shimfiɗa wa na'urorin karatu masu sauri a bayansa baki ɗaya. Sai dai Z9 ta fito a kan dala 5,500, Z8 kuma a kan dala 4,000.

A Z6III an bi hanyar tsakiya. An ɗora na'urorin saurin a gefen sama da gefen ƙasa na farantin kawai, ba a duk bayansa ba. Nikon ya ce ita ce ta farko a duniya da aka yi wa irin wannan ƙira, kuma saurin karatunta ya ninka na Z6II kusan sau uku da rabi. An kuma sa mata ƙwaƙwalwar EXPEED 7, irin wadda ke cikin Z8 da Z9.

A aikace, ga abin da hakan ke nufi. Tana ɗaukar cikakken hoto 20 a daƙiƙa ɗaya ba tare da ƙara ba, ko 60 idan aka yarda da hoton JPEG, ko 120 idan aka yarda a rage faɗin hoton. Tana iya ajiye abin da ya faru har daƙiƙa guda kafin a gama danna maɓalli, ko da yake a JPEG kawai. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kama mahayi a daidai lokacin da ya ja linzami ya ɗaga mashi a hawan sallah ya san darajar wannan daƙiƙar. Tana gane mutum da kare da kyanwa da tsuntsu da mota da babur da keke da jirgin ƙasa da jirgin sama, ta bi su da kanta. A nan ne ma aka fi kukan Z6II, domin takan saki idon amarya ta kama furen da ke bayanta idan haske ya yi ƙasa. Ga mai ɗaukar biki, wannan gyaran shi kaɗai ya fi duk sauran lambobin da ke takardar talla muhimmanci, saboda hoton da bai fito sarai ba babu kwamfutar da za ta ceto shi.

Tagar leƙen ma ta samu gyara na gaske. Tana da ɗigo miliyan 5.76, kuma haskenta ya zarce na Z8 da Z9 duk da sun fi ta tsada. Wanda ke aiki a filin idi ko a wurin taron siyasa da tsakar rana zai lura da bambancin nan take. Allon bayan kuma yanzu yana buɗewa gefe ya juyo gaba, abin da masu ɗaukar kansu don YouTube suka daɗe suna nema, ko da yake wasu tsofaffin masu hoto sun fi son na da, mai karkatawa sama da ƙasa kawai.

Abin da aka biya saurin da shi

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwaje-gwajen masu zaman kansu da suka fara fitowa bayan kyamarar ta shiga kasuwa sun nuna cewa a mafi ƙarancin ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske, Z6III ba ta kai Z6II iya riƙe tazarar da ke tsakanin wuri mai haske da wuri mai duhu a hoto guda ba. Daga ISO 800 zuwa sama bambancin ya kusan ɓacewa.

Wani zai ce wannan zancen ɗakin gwaji ne, amma yana da wurin da yake bayyana a aikin yau da kullum. A ɗauki ango a farar shadda, an fito daga masallaci bayan ɗaurin aure, rana tana tsaka, hula ta yi wa fuskarsa inuwa. Idan mai ɗauka ya saita haske don fuskar ta fito, aikin da ke jikin rigar zai ƙone ya zama fari fat. Idan ya saita don rigar, fuskar za ta nutse. Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce su kare rigar, sannan su ɗago fuskar a kwamfuta. A wajen ɗagowar nan ne Z6III za ta fara nuna ɗige-ɗige kamar yashi kafin tsohuwar ta nuna. Wanda ke amfani da fitilar filasha ko faifan mayar da haske don cike inuwar ba zai taɓa ganin matsalar ba. Wanda ya saba ɗauka yadda ta zo ya gyara daga baya, shi zai gani.

Saboda haka mai shagon da aikinsa hoton fasfo ne da hoton iyali da kayan talla, inda babu abin da ke gudu, ba shi da dalilin sauya Z6II ɗinsa. A irin aikinsa tsohuwar ba ta gaza sabuwar ba, wani wajen ma ta ɗara ta.

Maganar 6K

Lambar da ta fi ɗaukar hankali a tallar ita ce 6K. Kyamarar tana naɗar bidiyon 6K har hoto 60 a daƙiƙa a cikin katinta, a tsarin N-RAW, wato ɗanyen bidiyo da ba a matse shi ba sosai, wanda ke ba mai tacewa damar juya launi da haske yadda ya so. A lokacin da ta fito, ba a saba ganin haka a wannan farashin ba sai an haɗa wata na'urar naɗa daga waje. Ba abin mamaki ba ne Nikon ya karkata nan, domin a watan Maris na 2024 ya sanar da sayen RED, kamfanin Amurka mai ƙera kyamarorin sinima.

To amma ɗanyen bidiyo yana da ci. A mafi ingancinsa minti ɗaya yana lashe sama da gigabayit 20. Dinar da ta ɗauki awa uku za ta cinye katuna da yawa, kuma ba katin SD na yau da kullum ba, sai CFexpress mai sauri, wanda farashinsa ya ninka na SD. Bayan haka akwai faifan ajiya da za a juye aikin a ciki, da kwamfutar da za ta iya juya shi ba tare da ta tsaya tana nishi ba, da manhajar da ke iya buɗe N-RAW, irin su DaVinci Resolve, da mai tacewa zai koya idan tasa ba ta iya ba, da wutar da za ta riƙe kwamfutar awanni. A garin da ake sayen man janareta da lita, kowace awa ta tacewa tana da farashi.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: ina bidiyon zai ƙare? Mafi yawan bidiyon biki a wayar dangi yake ƙarewa, ta WhatsApp da Instagram da TikTok, waɗanda ke matse shi su rage masa inganci kafin ya isa ga mai kallo. Uwar amarya ba za ta ƙara ko kwabo don an ce mata 6K ne ba. Abin da za ta duba shi ne ko fuskar 'yarta ta fito, ko launin leshin ya yi daidai, ko an ji muryar mai waƙa. Masu shirya fim mai dogon zango da masu tallar kamfanoni su ne za su ci moriyar ɗanyen bidiyon, domin suna da mai gyaran launi da lokacin zama a kansa. Ga sauran, 4K ɗin kyamarar, wanda take tacewa daga 6K har hoto 60 a daƙiƙa da cikakken faɗin farantin, shi ne abin amfani na gaskiya, kuma yana da kyau ƙwarai.

Akwai ƙananan gyare-gyare da suka fi 6K amfani ga mai neman abinci da ita. Z6II takan tsaya bayan minti 30, ita kuwa wannan tana iya ci gaba har minti 125 a naɗi ɗaya, wanda ya ishi zaman tafsiri ko lacca ko taron manema labarai. Ramin HDMI ɗinta babba ne, ba ƙaramin nan mai saurin lalacewa ba. Ramin makirufo yana karɓar sauti kai-tsaye daga na'urar haɗa sauti ta mai kiɗa. Ana iya ba ta wuta ta USB-C tana aiki, kuma za a buƙaci hakan, domin a ma'aunin masana'antar batirinta bai kai hoto 400 ba a caji ɗaya. Tsarin hana girgizarta kuma ya ƙaru, har mai tsayayyen hannu zai iya ajiye ƙafa uku a wasu lokuta.

Wani gurbi da ya kamata mai biki ya sani: kyamarar tana da ramin kati biyu, kuma tana iya rubuta hoto a duka biyun lokaci guda, amma ba ta yin haka da bidiyo. Idan katin da ke ɗauke da kamu ya lalace, babu na biyu. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Zafi da ƙura da wuta

Takardar bayanin kyamarar ta ce an yi ta don aiki daga digiri 10 ƙasa da sifiri zuwa digiri 40. Tallar ta fi jaddada ɓangaren sanyin, saboda can masu sayen suke. Amma a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu da Mayu yakan wuce 40 ko a inuwa. Wannan iyaka ba ta Nikon kaɗai ba ce, kusan duk takwarorinta haka suke. Sai dai ɗaukar bidiyo mai nauyi yana ƙara zafi daga ciki, katin CFexpress shi ma yana ɗaukar zafi, kuma Z6III ba ta da fanka. Masu sana'ar ba su manta da Canon R5 ta 2020 ba, wadda aka yi ta yayata 8K ɗinta, daga baya aka gano takan kashe kanta idan ta yi zafi. Gwajin da aka yi a ɗaki mai sanyi a Turai ba ya faɗin abin da zai faru a ƙarƙashin rumfar tanti a watan azumin bazara.

Ƙura ita ce ta biyu. Tun da babu madubi, da an cire gilashi farantin yana kusa da baki. A lokacin hunturu, sauya gilashi a fili gayyatar tabo ne, kuma tabon da ake gogewa a hoto da dannawa ɗaya yakan zauna a kowane sashe na bidiyo.

Ta uku wutar lantarki ce. A Najeriya da Nijar wuta tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Lambobin 30 da 60 da 120 da ke cikin talla na can ne. A nan, ƙarƙashin fitilun ɗakin taro, 25 da 50 da 100 ne za su hana hoto ƙyaftawa, kuma kyamarar tana da su. Fitilun ado masu arha da ƙaton allon bango na wuraren biki sukan jawo ratsi-ratsi a hoto idan ana ɗauka ba ƙara. An yi sa'a Z6III ba ta yar da labulenta na ƙarfe ba kamar yadda Z8 da Z9 suka yi, don haka akwai wurin komawa.

Takwarorinta, da abin da ke cikin jaka

Lokacin da ta fito a 2024, a kusan farashi ɗaya akwai Canon R6 Mark II ta 2022, mai megafiksel 24.2 da hoto 40 a daƙiƙa, wadda ke amfani da katin SD biyu masu araha kuma take iya rubuta bidiyo a duka biyun, amma ɗanyen 6K ɗinta sai da na'urar waje. Akwai Sony a7 IV ta 2021, mai megafiksel 33, wadda ta fi su yawan ɗigo da yawan gilasan wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi, amma tana tsayawa a hoto 10 a daƙiƙa, kuma tana rage faɗin hoto a 4K mai 60. Sai Panasonic S5II ta 2023, wadda ta fito a dala 2,000 kuma tana da fanka a cikinta. A takarda Z6III ta sha gabansu a sauri da bidiyo, kuma ba abin mamaki ba ne tunda ita ce ƙaramarsu a shekaru.

Sai dai ba jikin kyamara kaɗai ake saye ba. Gilashin Canon ba ya hawa Nikon kai-tsaye, na Sony ma haka. Mutumin da ya tara gilasan Canon uku da filasha biyu da batira shida, idan ya koma Nikon ya sake gini daga tushe, kuma zai sayar da na hannunsa da asara. Wanda yake da tsofaffin gilasan Nikon na DSLR yana da sauƙi, domin da mahaɗin FTZ II mafi yawansu za su yi aiki, in ban da tsofaffin da kyamara ce ke juya musu saiti, waɗanda sai dai a saita su da hannu. Haka kuma yana da kyau mutum ya duba abin da abokan sana'arsa ke riƙe da shi a garinsu. Ranar da batir ya mutu ana tsakiyar walima, wanda ke gefe ne zai ba da aro, in irinsu ɗaya.

Garanti ma abin tambaya ne. Kaya da yawa suna shigowa ta hannun 'yan kasuwa daga Dubai ko Amurka, kuma takardar garantin wata ƙasa ba lallai ta yi aiki a wata ba. Mai saye ya tambayi dillali ƙarara wa zai gyara idan ta samu matsala a wata na uku, a ina, kuma wa zai biya kuɗin aikawa, sannan a rubuta amsar a jikin rasit.

Lissafin da ya rage mai sauƙi ne, kowane ɗan kasuwa ya iya shi. A haɗa kuɗin jiki da gilashi da kati biyu da batira uku da faifan ajiya, a raba da ribar da ke saura a biki ɗaya bayan an cire mota da yaran aiki da bugun kundi. Abin da ya fito shi ne adadin bukukuwan da za a yi wa kyamarar aiki kafin ta fara yi wa mai ita. Idan adadin ya wuce abin da mutum ke samu a shekara biyu, akwai wata ƙofar: duk lokacin da sabuwa ta fito, masu son yayi a ƙasashen waje sukan saki tsohuwar, kuma Z6II da ta fito a dala 2,000 tana sauka ƙasa da haka sosai a kasuwar na-hannu. Rarar za ta iya sayen gilashi mai buɗewa sosai da fitila da makirufo mai kyau, waɗanda mai biki zai ga tasirinsu da idonsa, ya ji da kunnensa.

Wanda kuwa ya yanke shawarar Z6III yake so, ya je shagon da katinsa da gilashinsa. Ya nemi a bar shi ya naɗi 4K na minti 40 a waje, ba a cikin sanyin shago ba, yana duban ko alamar zafi za ta fito. Ya sa wani mai farar riga ya tsaya a rana, ya ɗauke shi, ya je gida ya ɗago inuwar fuskar a kwamfutar da zai riƙa aiki da ita.